Silin Ɗakin Madam Lucia

Garki, Abuja.

Zuwa ga Yaya Abdulbaƙi,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Anti Lantana da yara kuna lafiya a can Jidda, Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan kowa ƙalau. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har ta koma faɗan nan nata da ka sani, ka ga kuwa lafiya ta samu.

Maganar tsohon gidan hayar da ka wakilta ni na saya maka ce. Da aka gama takardu, na kai Injiniya Meshach ya duba shi. Yana ɗaga kai ya ce silin ɗin duk na asbesto ne, irin na gidajen gwamnati na da. Ya ce wanda bai fashe ba a shafe shi da fenti a ƙyale shi. Ƙurarsa ce masifa, tana kwanciya a huhu, ciwon kuma sai bayan shekaru yake fitowa.

Ɗakuna uku lafiya lau. Na huɗun na Madam Lucia ne, tsohuwar malamar makaranta 'yar Shendam, shekararta ashirin da biyu a gidan, tana riƙe da jikoki biyu marayu. Da ƙyar ta buɗe mana. Yaya, zane ta kafa da ƙusa a saman gado! Da aka yaye, allo biyu sun farfashe. Ashe tun damina take kankare bakinsu da wuƙa tana liƙewa, ta share garin da tsintsiya, yaran suna wasa a wurin. Wallahi hankalina ya tashi. Na tambaye ta dalili, ta ce ai ni ma na san Abuja, duk sabon mai gidan da ya ce gyara, kora yake nufi, ita kuwa ba ta da inda za ta kai su.

Na kai su asibiti, likita ya ce a yanzu bai ga komai ba, amma a riƙa dubawa. Injiniya ya ce kwana goma ya isa a sauya silin ɗakin. Ma'aikatansa za su rufe hanci da baki, su jiƙa allunan, su sauke su a hankali, su ƙunshe a leda. Amma duk rantsuwar da na yi, matar nan ta ƙi fita. Daga ƙarshe na ce ta kwaso yaran su zo gidana, makulli kuma ya zauna a hannunta, ita za ta buɗe wa ma'aikata da safe ta kulle da yamma. Sai a nan ta yarda.

Yau kwanansu huɗu a wurinmu, ita da Umma sai gardamar miya. Na riga na yi mata alkawari da sunanka cewa ɗakin nata ne muddin tana so. Ban shawarce ka ba, ka yafe ni, amma don Allah kar ka kunyata ni. Jiya na ji tana ce wa yaran su zaɓi kalar fentin ɗakinsu.

Ka gaida Anti Lantana da Abdulbasit da sauran yara. Umma na sa muku albarka.

Ƙanwarka,
Juwairiyya