Muryarka a Bikin Hadiza

Yaya Isuhu,

Gaisuwa mai yawa daga Tamaske. Ina aiki, ina Abijan, ina iyali? Mu lahiya lau.

Na'urar haɗa sautin da ka aiko ta iso kahin bikin ƙanwarmu Hadiza. Na jona kiɗi a layinta guda, wayata a na biyu. Da mata suka cika gida, sai na rage kiɗi, na ɗaga saƙon muryarka.

Ka san Inna da kunyar ɗan fari, ba ta taɓa kama sunanka ba. Amma tana jin ka ce "Inna, ina wuni?" sai ta aje ludayi ta ce, "Lahiya lau, Isuhu." Gida ya yi tsit, ta ruhe huska da mayahi.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida yara. Bana dai ka zo ka ji da kunnenka.

Ƙanenka,
Sani