Kafaɗata da Sandar Nélida

Litinin, 6 ga Maris

Likita ya duba hoton kafaɗata, ya yanke hukunci kamar alƙali. Jijiya ta tsage, in ji shi, kuma daga yau kada hannuna na dama ya sake wuce kunnena. Na tambaye shi yadda mai fatsa zai jefa wa kifi ƙudan ƙugiya, wanda ake ɗaurawa da gashin tsuntsu, ba tare da ya ɗaga hannu ba. Sai ya ce, "Haba Don Aurelio, kifi ai ana sayar da shi a kasuwa." Yaron da na koya wa rubutu a makarantar nan ta garinmu Junín, majina har baki! Na ɗauki hulata na fito. Akwai maganar da amsa ta ma zubar da girma ne.

Ƙarshen Afrilu za a rufe kogi, a hana fatsa sai wani lokacin. Tun ina saurayi kaka ba ta taɓa wucewa ban tsaya cikin ruwan kogin Chimehuín ba. Na san halina: in na zauna bana, to na zauna ke nan.

Alhamis, 9 ga Maris

Matata Ofelia ba ta iya riƙe magana a ciki. Ta kai wa ƙanwarta labari, ga Nélida kuwa da hantsi a ƙofar gida, da sandar fatsa cikin kube. Matar da ta yi rayuwarta tana auna magani a kanti, sai da mijinta ya rasu ta fara shiga ruwa, yau ita ce za ta kawo mini mafita.

Sandar doguwa ce fiye da kima, mariƙi sama, mariƙi ƙasa, kuma ba ta da nauyin da zai sa mutum ya girmama ta.

"Yaya, wannan ba ruwanta da kafaɗa," in ji ta. "Gwiwar hannu manne da haƙarƙari, hagu ya ja gindin, igiya ta tafi abinta."

Na gode mata, na shaida mata cewa ni masunci ne, ba matuƙin kwalekwale ba.

"Masuncin da sai an sa masa riga da safe?"

Har wannan ma Ofelia ta faɗa. Nélida ta jingine sandar a bayan ƙofa ta tafi. Ban taɓa ta ba.

Asabar, 11 ga Maris

Na tafi kogi da sandata ta gora. Jifa kaɗan na yi. Da hannun hagu na tuƙo motar zuwa gida. Babu wanda ya sani.

Lahadi, 19 ga Maris

An gasa rago a bakin kogi, dangi duka. Da aka gama ci Nélida ta zura wandon roba ta shiga ruwa, ni kuma na zauna da ƙoƙon mate, shayinmu na gargajiya, ina kallon abin takaici.

Bari in rubuta yadda aka koya mini, ko don ya zauna a wani wuri. Mutum yakan bi ruwa ya haura a hankali, rana a gefensa, har ya ga kifi ya taso ya tsotsi ƙwaro a saman ruwa. Ya tsaya ya gane wane ƙwaro ne. Ya zaɓi ƙudan da ya ɗaura da hannunsa, gashin zakara a kan ƙugiya, ya ajiye shi a gaban wannan kifin, ba wani ba. Kifi ya buɗe baki, kai kuma ka ɗaga sanda nan take. Ka san abokin karawarka, shi ma ya san ka.

Ita fa? Ta juya wa tushen ruwa baya. Ta shimfiɗa igiya a kan ruwa, ta kewaya sandar kamar mai tuƙa tuwo, ta wurga can tsallake. Ƙudanta ya nutse, ruwa ya ja shi ya zagayo. Ta taka ƙafa ta gangara, ta sake. Ba ta ga kifi ba, ba ta nemi ganinsa ba. Wannan shara ce, ba fatsa ba.

Ta kama kifin nan turucha, mai ruwan ƙasa, babba. Ta ɗaga mini ita kafin ta sake ta, tana ihu, "Yaya, ga shararmu!" Ashe a bayyane na faɗi abin da nake zaton a zuci nake faɗa.

A ƙarƙashin itatuwan gaɓa ta tsaya, inda ban taɓa samun filin jifa ba saboda rassa a bayana. Na lura da wannan. Lura kawai.

Laraba, 22 ga Maris

Ganyaye sun fara ja. Ina zaune a taga kamar kyanwa.

Talata, 28 ga Maris

Na amince in gwada, domin in samu hujjar da zan rufe mata baki. Ba ya kyautuwa mutum ya kushe abin da bai riƙe ba. Haka nake gaya wa ɗalibaina.

Igiyar ta naɗe mini wuya. Ta cire mini hula. Sau ɗaya ƙugiya ta kama bayan rigata, Nélida ta zo tana cirewa tana cewa wannan ne kifi mafi tsufa da aka kama a kogin bana. Na tuna mata cewa lokacin da na zo neman auren yayarta ita ko takalmi ba ta iya ɗaurawa. Ta ce, "To yanzu na iya. Sassauta hannun dama, Yaya, ba bulala kake yi wa yaro ba."

Ban taɓa dukan yaro ba, kuma ta sani.

Kafin mu tashi igiyar ta miƙe har tsakiyar ruwa, sau biyu ko uku. Kafaɗar ba ta ce komai ba. Ban gaya mata ba.

Alhamis, 13 ga Afrilu

Yau raina ya ɓaci ƙwarai.

Jifana ya fara zama daidai. Ƙuda yana zagayowa, sai na ji an taɓa, wani ɗan tsinke-tsinke a igiya. Hannuna ya ɗaga sanda kafin in yi tunani. Babu komai. Na gangara, aka sake taɓawa, na sake ɗagawa. Babu komai. Na uku har na ga gefen kifin ya walƙa cikin ruwa, faɗinsa kamar tafin hannu biyu, na fizge ƙudan daga bakinsa da kaina.

Nélida ta dafe kai. "Wayyo, Yaya! Ka bar shi ya ɗauka ya juya, shi zai soke kansa. Kai dai kada ka yi komai."

Kada in yi komai! Duk abin da na sani na fatsa yana cikin wannan ɗagawar. Mahaifina ya tsaya a bayana yana buga mini gwiwar hannu har ta zama jinina. Yanzu a ce fasahar ita ce mutum ya tsaya kamar turke, kifi ya yi masa aikin? Na ce mata wannan hanya an ƙirƙiro ta ne don malalata. Ta ce ai shi ya sa take mamakin yadda ta gagare ni.

Fizgar ta uku ta taɓa kafaɗar. Ina rubutu da ƙyar.

Litinin, 17 ga Afrilu

Ofelia ta shafa mini man zafi tana faɗa. Wai in na sake fizga irin wannan za a kai ni asibitin birnin Neuquén a yanka kafaɗar, kuma ba za ta raka ni ba. Za ta raka ni.

Asabar, 22 ga Afrilu

An taɓa, na ɗaga. Na san bai kamata ba tun hannun yana hanya. Wulaƙanci ne mutum ya kai shekaruna hannunsa bai jin maganarsa.

Saura mako guda.

Juma'a, 28 ga Afrilu

Sanyi, dusar ƙanƙara ta sauko rabin dutsen Lanín. Nélida tana bayana a gaɓa tana zuba mate, bakinta bai huta ba. Daga nan ta ce wai sandata ta gora a rataye ta a bangon ƙungiyar masunta, kusa da hotunan waɗanda suka riga mu.

Na juya gaba ɗaya na fuskance ta. Na gaya mata wanda ya fere goran nan, da kogunan da ta shiga, da irin mutanen da suka nemi in bari su riƙe ta na hana. Na gaya mata cewa ba a rataye kayan mutum yana numfashi. Na yi magana mai tsawo, kuma ina ganin mai tsari. Tana ta kallon bayana, ba fuskata ba, abin da ya ƙara tunzura ni.

"Ina yi miki magana, yarinya!"

"Ina ji, Yaya. Ci gaba, don Allah kada ka tsaya."

Sai faifan igiya ya yi ƙara a hannuna. Ashe tun ina tsakiyar zance kifi ya ɗauki ƙudan da na bari cikin ruwa, ta gani ta ƙi gaya mini. Kifin ya juya ya nufi ƙasa, sandar ta lanƙwashe har mariƙi, na kafa gindinta a cikina na riƙe da hannu biyu. Ya yi tsalle sau ɗaya. Namiji ne, haɓarsa ta tanƙware, ɗigon ja a gefensa kamar garwashi. Na durƙusa na riƙe shi cikin ruwa har numfashinsa ya dawo, ya zame daga tafina. Na daɗe a durƙushe. Ruwan sanyi yana sa idon mutum hawaye.

A mota ta ce daga yau duk ranar da za mu fita sai ta tanadi abin da zai ɓata mini rai. Na ce wannan kifi ba ya cikin lissafi, tunda ba da niyyata aka kama shi ba. Har yanzu ra'ayina ke nan.

Litinin, 1 ga Mayu

An rufe kogi jiya. Ra'ayina game da hanyar nan bai sauya ba: makauniyar fatsa ce.

Da la'asar na hango motar Nélida ta taga, na san sandarta ta zo karɓa. Na ce wa Ofelia ta ce mata na kwanta, kuma ba a san inda na ajiye ta ba. Ofelia ta dube ni, ta ce tun da ta aure ni ba ta taɓa jin na sa an yi ƙarya ba.

Gaskiyarta. Na tura sandar inda Ofelia ba ta sani ba, na cire takalmi, na kwanta.