Ƙafar Inna

Yaya,

Ina gaishe ki. Ya jikin Inna? Ya yara da babansu? Ni lafiya lau, tarin nan ma ya yi sauƙi, kada ki gaya mata.

Taron karatun da nake shiryawa duk Asabar a saman kantin littattafai yana tafiya, har kujeru ba sa isa. Ƙa'idarmu, ni nake fara karanta shafi ɗaya kafin baƙon marubucin da muka gayyata ya karanta nasa. Makon jiya na karanta daga sabon littafina, inda 'ya take gasa wa mahaifiyarta ƙafa da ruwan ɗumi kullum da safe. Na rubuta shi kamar ni ce 'yar.

Da aka tashi, wata dattijuwa ta riƙe hannuna tana hawaye, ta ce, "Allah ya yi miki albarka, yadda kika riƙe uwarki." Yaya, na ce amin. Shekara shida ke kike wannan aiki, ni a waya nake jin labarinsa.

Ki yafe mini, albarkar nan taki ce. Don Allah ki faɗa mini: na rubuta ƙafar hagu ce take kumbura. Ita ce kuwa?

Ƙanwarki