Mai Wankin Harami a Jarwal

Yaya Khadijatu,

Assalamu alaikum. Ya yara, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, alhamdu lillahi, sai dai an mai da ni aljana.

Kin san wankin kayan alhazai nake yi a wani otal a unguwar Jarwal, nan ƙasa mai tsarki. Shekaranjiya da hantsi wata tsohuwar Baturiya 'yar Sikotlan, da ta zo Umara da mijinta marar lafiya, ta tarar ina wanke haraminsa. Ta fizge tana kuka. Manar, abokiyar aikina mai jin Turanci, ta ce, "Wai a ƙasarsu akwai aljana mai rikiɗa, tana wanke likkafanin wanda ajalinsa ya kusa."

Tsohuwar ta ba ni haƙuri, amma mai otal ya ce in dakata da zuwa, kada surutu ya jawo masu tambayar igama, takardar izinin zaman da ba ni da ita. Kada Inna ta ji. Ku sa ni a addu'a.

Shekara tara ina murza farin ƙyalle, Yaya. Da na iya rikiɗa, ai da tuni na zama shamuwa na sauka kan katangar gidanmu.

Ƙanwarki,
Ɗaso