Tambayar da Na Tanadar wa Enoch a Taron Kaduna

Gwaggo Adama, don Allah ki taimake ni, kwana ya ƙure.

Ina aiki a ɗakin kwamfuta na wani kamfanin auduga a nan Funtua. Mu biyu ne, ni da Enoch, mutumin garin Ƙarfi. Aikinmu rubuta furogiram, wato umarnin da injin ke bi. Wata mai zuwa masu irin sana'armu za su yi taro a Kaduna, kowa ya nuna abin da ya ƙera, ni kuwa ban taɓa zuwa ba. Mun yi wani furogiram da ke gaya wa malaman gona lokacin feshin auduga bisa ga ruwan da aka samu. Manajanmu Alhaji Maitama ya ce Enoch ne zai tsaya ya yi bayani, kuma in ya burge, shi za a tura kwas Ingila. Ni kuwa aikina riƙe faifai, kamar yaron mota.

Gwaggo, Enoch mai i'ina ne. Kafin ya gama faɗin sunan kamfaninmu shayinka ya huce. Na riga shi shiga aikin nan, ni na nuna masa inda ake kunna injin. Ban ƙi ba, kansa na ja, kuma mahaifiyarsa Rahab ba ta taɓa barina na bar Ƙarfi hannu rabbana ba. Amma abin yana ci mini rai, abinci ma ba ya shiga.

To, na gano wani lahani da bai sani ba. In aka sa sifili a gurbin adadin ruwan sama, injin tsayawa yake cak. Ban gaya masa ba. Kullum da la'asar yakan sa ni gaba yana gwada jawabinsa, gumi na zubo masa, ni kuwa ina gyaɗa kai ina cewa ya yi. Niyyata in an zo tambayoyi in miƙe in ce ya sa sifili mu gani. Na san harshensa zai sarƙe har ya sauka.

Abin da nake so ki bincika mini: ana ba da damar tambaya kuwa? Akwai lasifika, har na baya su ji shi? Mutanen nan suna dariya, ko masu kawaici ne?

Mai Riƙon Faifai, Funtua.

Ɗana Mai Riƙon Faifai,

Na ji zafinka, kuma ba zan ce ƙarya ne ba. Wanda ka koya wa aiki ya wuce ka, akwai ciwo. Alhaji Maitama ma bai kyauta ba da ya mai da aikin mutum biyu na mutum ɗaya. Wannan magana ce da za ka kai ofishinsa da bakinka.

Na tambayi ɗan ƙanwata Abdussamad, wanda ba ya fashin wannan taro. Ya ce za a maƙala maka suna da wurin aiki a ƙirji. Za a yi jawabai, a ci abinci, a yi ta musayar faifai a bakin ƙofa, kuma a nan ne manya ke tsintar yaran da za su ɗauka aiki. Ana tambaya, akwai lasifika, suna dariya kuma, har da masu buga tebur. Burinka zai cika.

Sai dai ya ce injin kowa ya taɓa tsaya masa a gaban jama'a, ba a cika riƙe wannan ba. Abin da za su duba shi ne ƙirjin mai tambayar, su ga sunan kamfaninsa ɗaya da na ƙirjin Enoch. Nan take za su gane ka sani ka yi shiru. Masu wannan sana'a a Arewa duka ba su cika tirela ɗaya ba, kuma kowa ya san kowa. Za a tausaya wa Enoch a ja shi gefe a gyara masa. Kai kuwa ba mai sake miƙa maka faifai.

Ka tuna da manomin da za a yi wa lissafin feshi ranar da ruwa ya ɗauke. Shi bai nemi kwas ba.

Ka nuna wa Enoch lahanin ku gyara tare. Ka nemi a bar ka ka zauna kan injin yana bayani, a kira sunanku ku biyu. Ingila kuwa, ka nema ta ƙofar gaba.

Kuma ka yi sauri. Sunan abokinka da ka rubuta ban taɓa shi ba, naka kaɗai ka ɓoye, jaridar nan kuma tana isa Funtua kafin ranar taro. Gara ya ji daga bakinka kafin wani ya karanta masa a teburin mai shayi. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya kai ku Kaduna lafiya.

Gwaggo Adama