Fita Ɗaya a Cikin Takaba

Zuwa ga maigidana, Abban Hafsa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka irin gaisuwar da ka saba ji daga bakina kowace safiya, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Babu motar da ke zuwa inda kake balle in ba direba saƙo. Amma ka san halina, in magana ta cika min ciki sai na juye ta, kuma kai ne wanda na saba juye wa.

Gida lafiya lau. Hafsa ta fara famfara, haƙoran gaba biyu sun tafi, yanzu in za ta yi dariya sai ta rufe baki da hannu kamar wata babba. Walid ya miƙe, yana tafiya yana faɗuwa, takalmanka da ke bayan ƙofa su ne motarsa. Geron gonarka ta hanyar Zango ya yi kyau bana, ƙaninka Yusha'u ne ke kula da ita, kuma ya fi yadda kake zato hankali. Emeka mai shagon kayan wuta, wanda kake sayo min waya da batir a wurinsa, ya zo ta'aziyya har zaure. An ce ya durƙusa yana ta kuka, Hausarsa duk ta gudu, sai da maza suka koma su ne ke ba shi haƙuri.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Na fita, Abban Hafsa. Ina cikin takabarka na je Kano na dawo, kuma ina so labarin ya fito daga bakina.

Ka tuna kai ne ka cusa ni cikin wannan digiri na biyu? Ni na ce digiri ɗaya a injiniyancin kwamfuta ya ishi matar mai sayar da raguna, kai ka ce ai ragunan ma ilimi suke so. Da aka zo zaɓen abin da zan yi bincike a kai, kai ne ka kawo labarin ragon nan fari da ya mutu maka a turke, wanda zazzaɓi ya ci ba ka sani ba sai da ya kwanta. Daga nan na haɗa 'yar na'urar da ake ɗaura wa rago a wuya, tana auna zafin jikinsa da motsinsa, in ta ga abin da ba daidai ba ta aiko saƙo a waya. Ni ke liƙi da dalma da rubuta umarnin da na'urar ke bi, kai ke kama rago. Kullum da safe in za ka zuba musu dusa da harawa sai ka canza batir, kana mita wai ranar ba da digiri a ba ragunan nasu kason, tunda su ne suka sha wahala.

Ban daɗe da shiga takaba ba malamin da ke duba aikina ya kira. Ya yi min ta'aziyya, sannan ya ce an sa ranar kare kundin bincikena, farfesan da ake gayyatowa daga wata jami'a zai zo. Ranar ta faɗo a tsakiyar takabata. Na tambaya ko za a ɗaga min. Ya ce da so samu ne, amma an riga an ƙara min wa'adi lokacin haihuwar Walid, ba a ƙari biyu, in wannan zama ya wuce ni karatun ya tafi ke nan. Na ce ko ta bidiyo, ina ɗakina? Ya ce aikina na hannu ne, sai an ga na'urar an taɓa ta tana aiki a gabansu.

Kafin in gama juya maganar a raina ta kai kunnen Baffa Ila, ƙanin mahaifinka. Ya zo tsakar gida ya tsaya yana magana da bango, yadda yake yi in yana so in ji ba tare da ya dube ni ba. Wai a gidan nan ba a taɓa yin mai takabar da ta leƙa ko zaure ba, wai me za a gaya wa mutanen unguwa, ƙasar kabarin ɗansu ba ta gama kwanciya ba matarsa ta tafi neman boko. Ban ji haushinsa sosai ba. Baffa yana sonka, kuma ba shi da wata hanyar nuna baƙin cikinsa sai faɗa.

Yusha'u ya je wurin limamin unguwa. Liman ya ce shari'a ba ta hana mai takaba fita da rana don larura ba, muddin ba ta yi ado ba, kuma ta dawo ta kwana a ɗakin mijinta. Da aka kai wa Baffa sai ya ce ya ji, amma shari'a daban, bakin mutane daban. Daga nan kowa ya zuba ido yana jiran Inna.

Inna ba ta ce uffan ba. Mahaifiyarka ce, ka fi ni saninta. Da ta yi takabar mahaifinka, an ce ko rijiyar ƙofar gida ba ta je ba har ta fita takaba. Tun rasuwarka tana zaune a bakin ƙofarta da carbi, ta aiko min da fura, ta goya Walid, amma maganar Kano ko da wasa ba ta ɗauko ba. Ni kuwa na yanke wa kaina hukunci: in ta ce a'a, na haƙura. Matar da ta rasa ɗa, ni zan ƙara mata da surutun unguwa? Wane digiri ne ya kai wannan?

Bari in gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Wani ɓangare na zuciyata so yake ta ce a'a. Wannan aiki shi ne abu na ƙarshe da muka fara tare ba mu gama ba. Muddin bai ƙare ba, ji nake kamar akwai sauran abin da ke tsakaninmu, kamar ka fita ne za ka dawo mu ƙarasa. In na kare shi aka buga hatimi, me ya rage? Kuma na yi fushi da kai, ba zan ɓoye ba. Na san ajali ba ya shawara, na san kai ma ba da son ranka ka tafi ba, amma ka tura ni cikin kogi ka ce kana bakin gaɓa, na waiwayo ba ka nan. Na yi istigfari a kan wannan fushi, ya kuma dawo, na sake yi.

Ana gobe ranar, bayan la'asar, ina zaune na baje na'urorin a kan tabarma ina goge su, don hannuna ya samu abin yi. An riga an sayar da ragunan wajen rabon gado, Yusha'u ya kwance abin wuyan ya kawo min a leda. Sai na ji sallamar Inna a ƙofata. Ka san ba ta shigowa ɗakinmu, ko haihuwa na yi a bakin ƙofa take tsayawa. Ta shigo ta zauna, ta ɗauki guda ɗaya ta juya shi, ta kai hanci. Har yanzu warin rago bai bar su ba. Ta tambaye ni ko wannan ne abin da kake ɗaura musu kowace safiya. Na ce shi ne. Ta ce tana kallonka daga ƙofarta, wata rana rago ya tunkuye ka ka faɗi zaune cikin dusa, ka tashi kana waige-waige ko wani ya gani. Ka taɓa sanin ta gani? Ni dai ba ka ba ni wannan labari ba.

Ta ajiye shi, ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa. Ta ce in gaya wa Yusha'u ya shirya mota, asubanci za mu yi, da ita za a je. Wanda ke da magana kuma, ta ce, ya kawo mata ita, ƙofarta a buɗe take.

Inna fa, wadda ko Katsina za a je sai an yi mata tanadin lemon tsami saboda amai. Haka ta shiga bayan mota ta zauna kusa da ni, lemon a hannu, idonta a rufe. Na sa hijabina mai ruwan toka, ba kwalli, ba turare, na'urorin na cikin kwali a cinyata. Da muka fito layi na hango Baffa Ila yana dawowa daga masallaci. Ya ga Inna ta taga, ya tsaya, ya ɗaga hannu ya ce a sauka lafiya. Abin da ya faɗa ke nan.

A jami'a an kawo wa Inna kujera ta ƙi. Ta shimfiɗa dardumarta a gindin darbejiyar da ke gaban sashenmu, ta fito da carbi. Ɗalibai na wucewa suna durƙusawa suna gaishe ta, tana amsawa kamar a tsakar gidanta take.

A ciki kuwa abin ya zo da sauƙi fiye da yadda na ji tsoro. Na ɗaura na'urar a hannuna tunda ba rago a ɗakin, na nuna musu yadda saƙo ke shigowa waya. Farfesan dattijo ne mai sanyin murya, amma tambayarsa ba sanyi. Ya tambayi dalilin da na zaɓi wannan ƙwaƙwalwar na'ura ba wata ba, da yadda na rage mata cin wuta, da abin da zai faru in makiyayi yana inda ba sabis. Duk na amsa, har na fara jin daɗin kaina. Sai na haska zanen da ke nuna awon da aka tara daga jikin ragunan, layi yana hawa yana sauka, rana bayan rana. Ya nuna ƙarshensa da biro. Ya ce a kundin na rubuta za a ci gaba da awo har ƙarshen damina, me ya sa layin ya yanke a nan farat ɗaya?

Na yi tanadin amsar komai ban da wannan. Na dubi wurin da layin ya tsaya, na gane ranar. Washegarin da aka kai ka ne. Batirin da ka sa musu da hannunka shi ne ya ci gaba da aiki har ya ƙare, gida cike da masu makoki, wa zai tuna da wuyan rago? Na ce masa batir ne ya mutu, wanda ke canzawa kuma ba ya nan. Malamina ya karkata ya raɗa masa magana a kunne. Farfesan ya cire tabarau, ya ce Allah ya jiƙansa, ya buɗe shafi na gaba. Da suka gama shawara aka kira ni aka ce na ci, sai 'yan gyare-gyare.

Na fito na gaya wa Inna. Ta shafa addu'a, ta ɗaga kai ta dubi rana, ta ce mu kama hanya kar magariba ta riske mu a waje. Muka yi ta tafiya har muka wuce Kazaure. A nan ta buɗe ido ta tambaye ni me da me suka tambaya. Na sauƙaƙa mata yadda zan iya, har na zo kan maganar layin da ya yanke da amsar da na bayar. Ta daɗe tana murza lemon nan a tafin hannu. Sannan ta ce ban kyauta ba da na ce wai ba ya nan, kamar wanda ya tafi kasuwa. Ta ce da na faɗa musu kai tsaye, Mansur ne ya rasu.

Abban Hafsa, Inna ta faɗi sunanka. Kai ɗan farinta, wanda tun da ta haife ka kunya ba ta bar ta ta kira ka ba, kullum yaron nan, kullum wancan, har ka yi furfura a gemu. Na tabbata kai kanka ba ka taɓa jin sa a bakinta ba. Yusha'u ya rage gudu, ya gangara gefen titi ya kashe mota, ya kifa kai a kan sitiyari. Mu uku muka zauna a wurin, ba mai rarrashin wani. Ita ce ta fara share fuska da gefen mayafi, ta ce masa ya tashi mu tafi, rana na gudu.

Mun shigo Daura da sauran haske. Na kwana a ɗakinka kamar yadda aka ce, kuma ba zan sake fita ba sai na cika kwanakina.

Allah ya haskaka kabarinka, ya yafe maka, ya sa ka huta. Na gode, ban faɗa maka isasshe ba kana raye. Sai mun zo.

Matarka,
Maman Hafsa