Akwatin Maganaɗisu na Dahome

Bagudo, Yuni 1960

Zuwa ga Yaya Namadi, malamin asibiti a Birnin Kabi,

Gaisuwa mai tarin yawa, da ladabi irin na ƙane ga wansa, da neman gafarar kutse cikin ayyukanka. Bayan haka, albishir nake tafe da shi game da ƙanwarka Batulu, maiɗakina. Kumburin nan na ƙirjinta, wanda likitanku ya kira ciwon daji ya ce sai wuƙa, Allah ya kawo makarinsa.

A hayin iyaka, cikin ƙasar Dahome, wani akawu ya gaji akwati daga Bafaranshen da ya yi wa aiki. Waya ce naɗe da maganaɗisu. In an murza hannunsa sai ya yi ƙugi, ƙarfinsa ya ratsa tsoka ya hana ciwo girma. Kowace ranar kasuwa muna ƙetarawa, kuma Batulu da bakinta ta ce yana raguwa. Har waƙa na yi masa, na rera a kasuwar Bagudo:

Ƙarfen da ke jan ƙarfe ba igiya,
Ya janye cuta, ya bar mu da lafiya.

Saboda haka gadon asibitin da ka tanadar mata, a ba wani.

Naka mai biyayya,
Attahiru

Birnin Kabi, Yuli 1960

Attahiru,

Ina gaisuwa. Na tambayi likita, ya ce bai san inda maganaɗisu ya taɓa tsayar da wannan ciwo a jikin mutum ba. Gadon na riƙe shi, amma ba zan iya daɗewa ba, ga ruwa ya fara cin hanyar mota.

Ka ce ta ce yana raguwa. Wa ya gani? Batulu ba za ta buɗe maka ƙirji da rana ba, ba kuma za ta ƙaryata mijin da ya yi waƙa a kasuwa ba. Ka sa yayarta Dela ta duba ta.

Ka huta lafiya,
Namadi

Bagudo, Yuli 1960

Yaya,

Bayan gaisuwa, Dela ta duba. Ta fito ba ta dube ni ba. Ta ce kumburin ya kai hammata.

Na tambayi Batulu daga bakin ƙofa, ta ce, "Malam, yara na rera waƙarka har bakin rijiya. In ce musu mi?"

Motar kasuwa za ta tashi Jumma'a, amma direba ya ce in an sake ruwa ba zai taka hanyar ba. Hadari yana haɗuwa a gabas ina wannan rubutu.

Gadon yana nan? Don Allah ka ba mai keken da ya kawo maka wannan takarda amsa a rubuce, ya juyo ko zama bai yi ba.

Ƙanenka,
Attahiru